Wanda Ya Kayar da Tsohuwar Rumfa

Saura kwana huɗu masu duba gine-ginen tarihi su iso, aka wayi gari kusurwar tsohuwar rumfar katako ta babban filin wasa ta rufta. Layi tara na kujeru sun zube a kan juna, kwanon rufi ya lanƙwasa har ya taɓa ƙasa. Ba a rasa rai ba, don da asuba abin ya faru, bayan ruwan sama ya ɗauke. Amma da aka ɗaga allunan sai aka ga an yanka ginshiƙai biyu da zarto, yanka mai kyau, irin na wanda ya san katako.

Kafin ƙarfe takwas masu shaguna a ƙarƙashin rumfunan siminti sun taru, daga masu sayar da riguna da tutoci har mai ɗinkin ƙwallo da masu lemo. Kowa na magana, ba mai sauraron wani. Shekarar filin casa'in. An yi tseren kekuna a cikinsa tun kafin a fara ƙwallo, sojoji sun kafa tantuna a kansa a shekarun yaƙi, an yi wa rabin gari allurar rigakafi a kan layin gudunsa. Sauran rumfunan duk an rushe su an sake da siminti, ta katakon ce kaɗai ta asali. In masu dubawa suka sa hannu a kanta, ba wanda zai ƙara taɓa filin. In ba su sa ba, akwai wani kamfani da ya daɗe yana zagaye, yana so ya gina kantuna a wurin.

Manajar filin, wadda wata shida ke nan da kama aikinta, tana tsaye riƙe da waya ta rasa wa za ta fara kira. Sai Dogo ya matso kusa da ita. Shi ne uban fili, shekara arba'in da ɗaya yana kula da ciyawa da ginin wurin, kuma mahaifinsa yana cikin kafintocin da suka kafa rumfar. Idonsa ya yi ja.

"Ranki ya daɗe, kafin 'yan sanda su zo su tattake wurin, a kira mini Barewa."

"Wane ne Barewa kuma?"

"Baba Mai Sawu. In shi ya ce ga wanda ya yi, garin nan ba mai musu."

*

Shekara talatin Mai Sawu ya yi a gandun daji yana bin sawun masu farautar sata kafin ya ajiye aiki. Dogo kaɗai ke kiransa Barewa, sunan da ya samu a kan layin gudun filin nan yana saurayi. Abotarsu ta ma girmi sunan. A shekarar babbar ambaliya, da mutum dubu huɗu suka yi wata guda suna kwana a kan kujerun filin, a ƙarƙashin rumfar katakon nan suka haɗu suna 'yan shekara takwas, bargo ɗaya suka riƙa lulluɓa da shi.

Akwai abin da ba wanda ya sani sai Dogo. Yanar ido ta fara rufe wa Mai Sawu idanu, duka biyun. Ko 'yarsa da yake zaune a gidanta bai faɗa wa ba. Abu babba yana ganinsa, amma ƙananan alamun da ya yi suna da su sun koma masa kamar hayaƙi.

Ya iso da sandarsa, mutane suka dare. Dogo ya kama hannunsa kamar gaisuwa ce ta yi tsawo, ya kai shi har gindin ginshiƙan.

"Ga shi nan, Barewa. Duba abin da aka yi wa aikin babana."

A cikin taɓon akwai sawu manya, a fili, ko makaho ya shafa ya gane. Mai Sawu ya durƙusa.

"Takalmin aiki ne, babba," ya ce. "Mai shi ya taɓa taka ƙarfe mai zafi da diddigen dama. Ga ƙunar nan, kamar jinjirin wata. Daga nan ya shiga fili, ya nufi ƙofar gabas."

Da ƙarfi ya faɗa, yadda ya saba faɗa wa abokan aiki a daji. Bai tuna cewa mutum ɗari ne a bayansa ba.

"Mai Walda!" wani ya ɗaga murya. "Shagonsa ne a ƙofar gabas!"

"Shi ne ya ce a taro wai a rushe katakon a sa ƙarfe!"

"Kamfanin nan ma sun ba shi aiki, na gan shi da wakilinsu!"

Kafin Mai Sawu ya miƙe, taron ya zagaya ta layin gudu ya yi gabas. A bayan shagon, cikin kejin waya inda ake ajiye tukwanen gas, takalmin na rataye a ƙusa da ɗanyen taɓo a jikinsa. Mai Walda, mutum mai jiki ɗan shekara talatin da biyar, ya iso ke nan zai buɗe shago. Bai ma san me ake ciki ba aka rufe shi da duka. Mai Sawu yana tafe yana ihu a dakata, amma ƙafar da aka yi wa laƙabi da barewa ta tsufa. Da ya isa, wani ya riga ya sauke bututun ƙarfe a kan hannun daman mutumin. Sufeton 'yan sanda ne ya ƙwace shi da ƙyar, aka wuce da shi asibiti da ankwa a hannun da ya rage.

"To, Baba, ka sauƙaƙa mana aiki," in ji Sufeto.

"Yallaɓai, takalmi na ce. Ban ce mutum ba."

"Takalmi ai ba ya tafiya shi kaɗai."

Mai Sawu ya juya ga Manaja. "'Yata, a zagaye ciyawar da igiya. Kada kowa ya taka har sai na ce."

"Haba Barewa," Dogo ya ce, "yau ranar yanka ce. In ban bi ta da inji ba, Asabar me zan nuna wa baƙi?"

"Ciyawarka ba za ta mutu da kwana biyu ba. Kai dai da ita kamar amarya."

Dogo ya yi 'yar dariya, aka ɗaura igiya.

*

Matar Mai Walda ce ke sayar da ruwan sanyi a gefen shagon mijinta. Mai Sawu ya same ta tana tsince abin da aka watsar, ba ta ko ɗago ta dube shi ba.

"Sannu, 'yata."

"Ka gama naka, Baba. Me ya rage kuma?"

"Ina mijinki yake da asuba?"

"Yana gida yana riƙe da bokiti, ɗakinmu na yoyo. Amma wa zai yarda da mata a kan mijinta?"

"Takalmin fa?"

"Kullum nan yake barinsa. Na hana shi shigo mini da shi gida, warin ƙuna gare shi."

"Kejin da makulli?"

"Da makulli. Ɗaya a wurinsa, ɗaya a ofis. Dokar fili ce, saboda gas."

"Gaskiya ne ya ce a rushe rumfar?"

Sai a lokacin ta dube shi. "Bai ce a rushe ba. Cewa ya yi ya ƙwanƙwasa ginshiƙi ɗaya ya ji yana amsawa kamar ganga, a duba kafin a ɗora yaran makaranta a kai. Baba Dogo ya tashi a gaban kowa ya zage shi, wai ɗan jiya zai koya masa katako. Tun ranar ba mai amsa gaisuwarmu a layin nan. Shekara shida muna tare da mutanen nan. Wanda ya karya masa hannu, mijina ne ya gyara masa ƙofar shago."

*

Mai gadi ya rantse har sau uku cewa bai runtsa ba. Da Mai Sawu ya shafa bencinsa ya ji bargo mai ɗumi a naɗe a ƙarƙashi, sai mai gadin ya sauke murya.

"To, na ɗan kishingiɗa da ruwan ya yi ƙarfi. Ƙarar faɗuwar ce ta tashe ni. Amma wallahi na ga farar motar kamfanin nan a bakin ƙofar yamma da yammacin jiya. Wakilinsu ya fito yana ɗaukar hoton rumfar."

"Ƙofofin fa, an fasa wata?"

"Ko ɗaya. Duk a kulle na same su."

Wakilin kamfanin bai ɓoye komai ba. A ofishinsa mai sanyi ya karɓi Mai Sawu, ya sa aka kawo masa shayi, ya buɗe masa zanen kantunan da suke mafarki.

"Na ɗauki hoto, ƙwarai. Aikina ne. Mai Walda kuma ƙofar gidana ya yi mini, ba wani abu ba. Baba, ka yi tunani mana. Jiya rabin garin nan bai damu da rumfar ba. Yau kowa kuka yake, har rediyo an ce a tara hannu a gyara ta. Wanda ya yi wannan aiki ba ni ya taimaka wa ba. Da ni ne, zama zan yi in jira masu dubawa su sa ƙusa a katakon nan."

"Me za su gani in sun sa?"

"Ban sani ba. Na dai lura duk wata uku ana yi mata fenti. Katako mai lafiya ba ya shan fenti haka."

Mai Sawu ya fito bai ji ya ƙaunaci mutumin ba, amma maganar ta bi shi har bakin titi.

*

Da la'asar ya zauna a ɗakin kayan aikin Dogo, inda suka saba zama shekara da shekaru, tsakanin buhunan taki da gwangwanayen farin fenti na zana layi. Dogo ya dafa shayi a kan ƙaramin risho, ya sa masa sukari cokali uku ba tare da ya tambaya ba.

"Ka bar wahalar da kanka, Barewa. Ka ga takalmi, an samu takalmi."

"An karya wa yaron nan hannu a kan maganata."

"Ba kai ka karya ba. Ni ma ban so abin ya kai haka ba." Dogo ya juya kofinsa. "Idon fa? Yaya ka gani ɗazu?"

"Manyan na gani. Na cikin ciyawa ban ga komai ba."

"To ka gani. Ka huta. Ba wanda zai ji daga bakina."

Ya raka shi har bakin ƙofa, ya tsayar masa da abin hawa, ya gaya wa direba ya sauke shi daidai ƙofar gida don tsoho ne.

*

Washegari, rana na fitowa, Mai Sawu ya dawo shi kaɗai. Ya cire takalmansa a bakin igiya, ya ajiye sanda, ya shiga da rarrafe. Abin da ido ya ƙi ba shi ya nema da tafin hannu. Ƙasar ta sha ruwa a daren da abin ya faru, duk inda diddige ya sauka ya bar ɗan rami a ƙarƙashin ciyawa. Ya riƙa lalubo su ɗaya bayan ɗaya, raɓa na jiƙa masa gwiwa.

Abu na farko da hannunsa ya gaya masa shi ne takalmin ya yi wa mai shi yawa, don diddigen na ja kafin ya ɗaga. Wannan bai isa hujja ba, kowa na iya cewa santsi ne. Ya ci gaba. Sawun ya miƙe sak daga rumfa zuwa ƙofar gabas, taku mai faɗi, na mai sauri. Ya wuce da'irar tsakiya da taku goma sha biyu, sai sawun ya ɓace.

Ya laluba gaba, babu. Ya laluba dama, babu. Can hagu ya same shi. Mutumin ya karkata, ya yi taku biyar ƙanana a zagaye, kusan a kan yatsu, sannan ya koma kan layinsa ya ci gaba da sauri.

Mai Sawu ya zauna a kan dugadugansa. Ba rami a wurin, ba bututun ruwa, ba komai. Mutum ya kayar da rumfa, ƙarar ta tashi unguwa, yana gudu cikin duhun asuba, me zai sa ya tsaya yana zagaye wurin da ba komai?

Ya miƙa hannu cikin wurin da aka kauce wa. Ciyawar ta yi ƙaranci a nan, an barbaɗa yashi mai laushi. Ya ɗebo kaɗan ya murza a tafinsa, ya ji ƙananan ƙwayoyi sun kumbura da ruwa, wasu sun fara tsagewa. Ya kai hanci. Irin ciyawa ne, shukar kwana biyu.

Ya daɗe a zaune a wurin. Sannan ya tashi ya koma gindin ginshiƙan da aka yanka. An shafe bakin yankan da taɓo. Ya kankare da farce, ya tura yatsa, yatsan ya shige har ƙarshe. Cikin katakon gari ne kawai, gara ta cinye shi tuntuni. An cusa siminti da dusar katako a ramukan, an bi da fenti, an sake bi, har fentin ya yi kauri kamar fata.

Leburori biyu masu taya Dogo aiki suna shigowa, ya tare su.

"An yi shuka a fili makon nan?"

"Shuka? A'a, Baba. Da an yi da mun ga turaku da zare. Kuma iri ai Baba Dogo ba ya bari mu taɓa, a gwangwaninsa yake kulle shi."

"Litinin da yamma wa ya rage a fili?"

"Mu dai ya sallame mu da wuri, ya ce hadari ya haɗu."

Mai Sawu ya gode musu. Ya nemi kujera ɗaya a rumfar siminti ya zauna.

*

Da hantsi ya sa Manaja ta tara su a gindin rumfar da ta rufta: Sufeto, mai gadi, wakilin kamfani, matar Mai Walda, da Dogo. Masu shaguna suka tsaya a bayan igiya suna leƙe.

"Abu ɗaya nake roƙo," in ji Mai Sawu. "Kowa ya taka daga nan zuwa ƙofar gabas, ɗaya bayan ɗaya, da sauri, kamar ana binsa. Ina so in ji tafiyarku."

"Baba, wasan yara za mu yi?" in ji Sufeto.

"Filin wasa ne ai, yallaɓai. Kai za ka zo ƙarshe."

Shi Mai Sawu ya je ya tsaya kusa da da'irar tsakiya. Mai gadi ya wuce, ya bi ta kan yashin bai ko sani ba. Wakilin kamfani ya wuce yana ɗage ƙafar wando, ya taka tsakiyar wurin. Matar Mai Walda ta wuce ta kai, fuskarta a ɗaure. Mai Sawu yana jin yadda numfashin Dogo ke sauyawa daga nesa.

Dogo ya taho da dogayen ƙafafunsa. Ya wuce da'ira, ya yi taku goma sha biyu, ya karkata hagu, ya yi ƙananan taku biyar a kan yatsu, ya koma kan layi. Sufeto na biye da shi da manyan takalmansa, yana gab da sauke ƙafa a kan yashin, Dogo ya juyo.

"Kai, yallaɓai, kada ka taka nan! Sun riga sun kashe mini rabi!"

"Me ke nan ɗin?" Mai Sawu ya tambaya a hankali.

"Iri na zuba ran Litinin, ban samu na kafa..."

Bai ƙarasa ba. Mai Sawu ya durƙusa, ya kama hannun Sufeto ya ɗora a kan ciyawa, daidai inda Dogo ya taka yanzu.

"Shafa nan, yallaɓai. Ga sabon sawunsa. Matsa da yatsa kaɗan. Wannan ramin na jiya da asuba ne, ka ji jinjirin watan a diddige? Biyar ne, suna kwance kusa da juna kamar tagwaye. Wanda ya sa takalmin Mai Walda ya zagaye shukar da ba a yi wa alama ba, cikin duhu, yana gudu. Mutum uku sun bi ta kai yanzu da rana tsaka ba su gan ta ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya san tana nan, kuma makullan ofis a aljihunsa suke kwana."

Manaja ta dafe ƙirji.

"Baba Dogo? Kai da ka yi kuka a gabana?"

Dogo ya dubi rumfar, ya dubi ƙasa. Da ya buɗe baki, muryarsa ta tsufa da shekara goma.

"Kukan gaskiya ne, ranki ya daɗe. Shekara bakwai ke nan da na ga gara a ginshiƙan. Na ce zan magance ta da kaina, kada a ce aikin babana ya ruɓe a hannuna. Na yi ta cusawa ina shafawa. Ran Asabar za su sa ƙusa su gani, su rushe ta gaba ɗaya, filin ya tafi, a ce Dogo ne ya ɓoye. Na ce in aka ce maƙiya ne suka yanka, gari zai tashi a gyara, a sauya ginshiƙan duka ba wanda ya tambaya. Kuma ai gwamma rumfar ta faɗi ba kowa a kai."

"Mijina fa?" Matar Mai Walda ta matso har tana jin numfashinsa. "Shi da ya gaya maka gaskiya? Shi ne maƙiyin?"

"Na ɗauka tambayoyi za a yi masa a sake shi. Wallahi ban yi zaton..."

"Da hannun nan yake ciyar da 'ya'ya uku."

Sufeto ya kama damtsen Dogo. Mai Sawu ya ɗaga hannu.

"Yallaɓai, ba ni minti ɗaya." Ya matsa kusa, har ya iya ganin fuskar da ya sani shekara sittin. "Tambaya ɗaya gare ni, Dogo. Akwai 'yan sanda a garin nan. Me ya sa ka ce a kira ni?"

"Barewa..."

"Faɗa mini."

"Maganarka ba a musunta ta."

"Wannan rabi ne. Faɗi sauran, ko in faɗa maka." Ya juya ga mutanen da ke bayan igiya, ya ɗaga murya. "Idona ya kusa mutuwa, jama'a. Wata biyu ke nan da na gaya wa mutum ɗaya, a ɗakin kayan aikinsa, ina kuka kamar yaro. Ko 'yar cikina ba ta sani ba. Shi ne ya zauna ya auna, ya ga zan ga babban sawu ba zan ga ƙarami ba. Ya kama hannuna ya kai ni inda yake so in duba. Da makantata ya yi aiki, da sunana ya ɗaure yaron mutane."

"Na shiga uku ne, Barewa. Ban san inda zan sa kaina ba."

"Da ka zo ka ce mini gara ta ci rumfa, da ni da kai za mu je gaban Manaja, in tsaya a gefenka ko korarka za a yi. Kada ka ƙara kirana da sunan nan."

Aka tafi da Dogo ta ƙofar yamma. Ko a lokacin, da suka zo bakin ciyawa, sai da ya bi ta gefen layi.

*

Masu dubawa sun zo ran Asabar. Manaja ta gaya musu komai ba ta rage ba. Suka ce ginshiƙai goma sha ɗaya sun mutu, amma rufin da kujerun na asali ne, za a iya ceto su. Suka ba da shekara ɗaya a gyara kafin su yanke hukunci. Aka kewaye rumfar da kwano, wakilin kamfani ya ci gaba da zagayensa.

Ranar ce Mai Sawu ya je asibiti. An cire wa Mai Walda ankwa, hannun na naɗe har gwiwa. Likita ya ce yatsu biyu ba lalle su sake lanƙwasawa ba. Matarsa ta ba Mai Sawu kujera.

"Ɗana, na zo neman gafara. Bakina ne ya fara jawo maka."

Mai Walda ya juyo ya dube shi.

"Baba, ka san mutum nawa suka zo duba ni daga layinmu? Ko ɗaya. Wai kunya suke ji. Ɗana ya dawo daga makaranta jiya yana kuka, har yanzu ana ce masa ɗan mai rushe fili. A ɗakin nan mu uku ne. Gafarar da za ka nema a nan ba za ta kai makarantar ba."

"Me kake so in yi?"

"Gobe akwai wasa. Mutum dubu ashirin za su zo."

Washegari, da aka tafi hutun rabin lokaci, Manaja ta riƙe hannun Mai Sawu ta hau da shi matakala arba'in zuwa ɗakin mai sanarwa. Ba ya ganin taron, sai dai yana jin gurnaninsa kamar kogi ya cika. Aka sa masa abin magana a hannu. Can ƙasa, a bakin ƙofar gabas, Mai Walda na tsaye da hannu a rataye, matarsa a gefe, ɗansu a kan wuyan wani.

"Jama'a, ku saurare ni," ya ce, muryarsa ta zagaya filin ta dawo masa. "Ni ne wanda kuke kira Mai Sawu. Ran Talata na yi magana kafin in gama dubawa, aka karya hannun mutumin da bai yi laifin komai ba. Shi ne kaɗai a cikinmu ya ce a duba rumfar nan kafin 'ya'yanku su hau. Yana tsaye a ƙofar gabas. Ni zan sauka yanzu in je in durƙusa a gabansa. Duk wanda ya san hannunsa ya taɓa shi ranar, ya same ni a can."

Ya ajiye abin maganar ya fara sauka, yana laluben bango. Matakala arba'in suna da yawa ga tsoho. Da ya kai ƙasa, Manaja ta matse hannunsa.

"Baba, mutum goma sha huɗu ne a tsaye suna jiranka. Mai ɗinkin ƙwallo ne a gaba, yana kuka."

"Wanda ya ɗauki bututun fa?"

Ta duba, ta sake dubawa.

"Bai zo ba."

"To, mu je da waɗanda suka zo," in ji Mai Sawu.